Tsoron Wuta Hujja Ne? Waiwaye a Kan Wa'azin Malamai da na 'Yan Mishan a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Ni mutumin Furfuri ne, cikin ƙasar Bunguɗu, ba nisa da Gusau. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana wata 'yar gardama ce da ta haɗa ni da abokina a ɗakin kwananmu na jami'a. Shi wannan aboki nawa Bahaushe ne gaba da baya, daga wani ƙauye na yankin Tsafe, amma Kirista ne, ubansa ma Kirista, kakansa kuwa Bamaguje ne kafin ya shiga Kiristanci. Kwano ɗaya muke ci, muna aron littattafan juna, in guzurina ya yanke shi nake fara tunkara.

Wata rana da dare muna zaune a waje muna shan iska, sai ya ce da ni, "Gaskiya, abokina, wani lokaci in na dube ka sai tausayi ya kama ni. A ce mutum kamarka ya ƙare a gidan wuta don bai karɓi Almasihu ba!" Na yi dariya, ba don raini ba, sai don abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da na daɗe ina ji game da shi, nauyi ya hana ni furtawa. Na ce masa, "Ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ni ma kullum fargabar da nake yi maka ke nan." Muka kai tsakar dare kowa yana tsorata ɗan'uwansa, aka tashi ba wanda ya gusa ko da taki ɗaya.

Tun daga ranar tambaya ta tsaya mini a rai. In dai tsoron wuta hujja ce mai gamsarwa, wadda za ta sa mutum ya bar addinin da yake kai ya shiga Kiristanci, ko ma kowane addini, me ya sa ba ta yi aiki a kaina ba, tawa kuma ba ta yi aiki a kansa ba? Tun da yake ni ba malamin tauhidi ba ne, ɗalibin tarihi da adabi ne, sai na ga ya fi mini sauƙi in waiwayi abin da ya auku a ƙasarmu, inda aka shafe fiye da shekara ɗari masu wa'azi iri biyu suna ambaton wuta a cikin harshe ɗaya. Ina roƙon mai karatu, Musulmi ne ko Kirista, ya sani ba samuwar wuta nake musu ba. Abin da nake bincike shi ne irin aikin da tsoronta ke iya yi, da irin wanda ba ya iyawa.

Wutar da 'yan mishan suka tarar

Kafin Bature na farko ya buɗe Linjila a ƙasar Hausa, Bahaushe ya riga ya san wuta ciki da bai. Mu mutanen Zamfara ma muna da kaso babba a wannan tarihi, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasarmu, daga wajejen 1786, ya zauna a wurare irin su Faru da Daurar Zamfara. Ƙanensa Abdullahi ya bayyana a cikin Tazyinul Waraƙati cewa a lokacin jahilci ya yi wa mutanen ƙasar katutu. A nan ne ma wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar wa'azi, Abdullahi ya mayar masa da amsa a waƙe. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa ya nuna a cikin Infaƙul Maisuri abin da wa'azin ya ƙunsa: tauhidi, da hukunce-hukuncen ibada, da gyaran zuciya, da kuma tsoratarwa da kwaɗaitarwa, watau bayanin wuta da aljanna. A lura, tauhidi ne tushe. Sai an san Ubangijin da ke azaba kana tsoron azabar zai sami wurin zama.

Daga wannan wa'azi ne rubutattun waƙoƙinmu na wa'azi suka bunƙasa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi a kan tashin ƙiyama da tsorace-tsoracensa, jajiyoyinta na 'Yan Taru suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa mata. Akwai Jan Mari da Baƙin Mari, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su tayar wa mutum da tsikar jiki. Akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi mata tahamisi. A cikin irin waɗannan waƙoƙi Bahaushe ya haddace sunayen wuta bakwai, Jahannama da Laza da Huɗama da Sa'ira da Saƙara da Jahimu da Hawiya. Ya san tambayar kabari, ya san siraɗi da mizani, ya san itaciyar zaƙƙumu da zabaniyawa. Makafi suna rera su a kasuwa, almajirai suna bara da su, tsofaffi suna kaɗi suna bin su a hankali.

Ni kaina a bakin kakata na fara jin su a Furfuri. In na yi ƙarya, ko na ɗebi gyaɗar da ba tawa ba, sai ta nuna mini murhu ta ce, "Kai ɗan nan, in ba ka iya riƙon garwashin murhun ga, ƙaƙa zaka yi da wadda taf fi shi zahi sau saba'in?" Sai yanzu da na girma na lura da wani abu. Inna ba ta taɓa kawo mini maganar wuta don ta tabbatar mini akwai Allah ba, ko don ta nuna mini Musulunci gaskiya ne. Wannan a wurinta ba abin tattaunawa ba ne. Tana kawo ta ne don ta gyara halin yaron da ya riga ya yarda. Haka nan in ka duba Tabbat Haƙiƙa, za ka ga ba arna take yi wa magana ba. Masu mulki take ja wa kunne, da alƙalai masu cin hanci, da masu ƙwace haƙƙin talaka, da masu tauye mudu, watau Musulmin da ke cikin jama'ar Shehu kanta.

Akwai shaidu biyu a ƙofar gidanmu da ke nuna iyakar wannan tsoro. Na farko 'Yandoto, kusa da Tsafe, tsohon garin malamai. Waɗannan malamai sun san ayoyin azaba kamar yadda kowa ya sani, amma suka ƙi bin masu jihadi, har Bello ya ci garin da yaƙi a wajejen 1806. Saɓaninsu ba a kan zafin wuta ba ne, a kan wa ke da gaskiya ne, tsoratarwa kuwa ba ta raba wannan gardama ba. Na biyu Maguzawa. A yankin Kwatarkwashi da sauran wurare sun zauna kafaɗa da kafaɗa da Musulmi, suna cin kasuwa ɗaya, suna jin wa'azin malamai da waƙoƙin makafi, amma da yawansu suka ci gaba da tsafinsu da bautar iskokinsu har cikin ƙarni na 20. Fiye da shekara ɗari ana ambata musu wuta, ba su firgita ba, domin ba su ɗauki mai ba da labarin a matsayin wanda maganarsa ta hau kansu ba.

Wa tsoron ya fara tasowa?

Wani abin mamaki a tarihin mishan shi ne, tsoron wuta ya fi yin aiki a kan masu kawo saƙon bisa ga waɗanda aka kawo wa. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan. Abin da ya taso su shi ne tunanin cewa akwai mutum wajen miliyan 60 a wannan yanki da za su mutu su halaka ba su ji bishara ba. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, ta wajen Zariya, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Bai daddara ba, ya yi ta sake ƙoƙari har ƙungiyarsa, wadda aka sani da SIM, ta kafa tasharta ta farko a Fategi a 1902. Ko mutum bai yarda da aƙidarsu ba, tilas ya yarda cewa fargabar da suke yi wa wasu ta gaske ce, tun da sun ba da rayukansu a kanta. Amma fa su masu imani ne tun daga gida. Tsoron bai haifar musu da imani ba, imaninsu ne ya haifar musu da tsoron.

Da suka iso kuwa, sai suka tarar an riga su. Wani limamin Kirista, Charles Robinson, ya isa Kano a ƙarshen 1894 yana koyon Hausa da tattara rubuce-rubuce. Da ya koma Ingila ya buga littafin zaɓaɓɓun rubuce-rubucen Hausa a Kambirij a 1896, akasarin abin da ke ciki kuwa waƙoƙin wa'azi ne na malamanmu, masu zancen ƙarewar duniya da hisabi da azaba. Ashe ke nan wanda ya zo share fagen gargaɗi shi ya koma gida da kundin gargaɗi a jakarsa. Haka kuma masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, ba su ƙago sababbin kalmomi ba. Allah da Shaiɗan da Lahira da Jahannama duk a bakin Bahaushe suka same su, Musulunci ne kuwa ya ɗora musu ma'anar da yake ji in an ambace su.

A 1900 ƙungiyar CMS ta aiko ayari ƙarƙashin Bishop Tugwell, cikinsu har da Likita Walter Miller. Suka kai Kano, Sarki Alu ya nuna musu ba ya bukatar abin da suka zo da shi, ya ba su 'yan kwanaki su fice, suka koma Girku. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addini ba, saboda haka aka daɗe ana taƙaita wa 'yan mishan shiga biranen sarakuna. Miller ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905, ya yi shekaru fiye da ashirin a can kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a wajejen 1929. Ya iya Hausa ƙwarai, ba ya kuma ɓoye ra'ayinsa, amma Musulmin birni da suka bi shi 'yan ƙalilan ne. Dalili a fili yake. In ka ce wa malamin Zazzau wuta na jiransa don bai karɓi Yesu a matsayin Ɗan Allah ba, shi kuwa tun yana yaro ya karanta cewa faɗin haka ɗin ne ke kai mutum wuta. Tsoro ya ci karo da tsoro, na gida kuwa ya fi baƙo saiwa.

Ƙofofin da aka bi aka shiga

Duk da haka akwai Hausawa Kirista, abokina ma ɗaya ne daga cikinsu. To, ta ina suka shiga? In mun bi sawu za mu ga ƙofofi uku ko huɗu, ba ko ɗaya da aka rubuta wa tsoro a goshi.

Ƙofa ta farko ita ce ta Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi an yi wani Malam Ibrahim wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka kashe shi a Kano a wajejen 1867, mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka zama ginshiƙin jama'ar Wusasa. Waɗannan mutane bincike ne da ƙaunar Annabi Isa suka kawo su, tun kafin su ga Bature. In ma ana zancen tsoro, ai sun ga abin tsoro a duniya, bai mayar da su baya ba. Daga jama'ar Wusasa ne aka sami mutane irin su Likita Dikko, likitan farko na Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ƙofa ta biyu ita ce ta magani. A wajejen 1937 hukumomin En'e suka amince SIM ta riƙe zangunan kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Lardin Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, a ƙasar Nijar kuma aka buɗe na Galmi a 1950. Kuturu mutum ne da aka ware wa ƙwarya da tabarma, sai ga wasu sun zo suna taɓa shi, suna wanke masa miki, suna koya wa ɗansa karatu. Wata masaniyar tarihi, Shobana Shankar, ta rubuta littafi a 2014 a kan asalin Kiristanci a Arewa, ta nuna muhimmancin waɗannan zanguna da makarantunsu wajen samar da Kiristocin farko, da ma'aikatan jinya da masu bishara 'yan ƙasa. Ko a nan ma, mafi yawan waɗanda aka yi wa magani sun koma gida da Musuluncinsu.

Ƙofa ta uku ba shiga ba ce, ƙaura ce. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau ta wuce Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, suka zo da addininsu suka gina coci a Sabon Gari. Fada-fadan Katolika na ɗarikar Dominikan daga Amurka sun karɓi yankin Sakkwato a 1953, Gusau ta zama cibiyarsu, sistoci suka biyo su a 1956 da aikin jinya da makaranta. Akasarin jama'arsu baƙin nan ne, shi ya sa rikicin 1966 ya bar majami'u da yawa kusan wayam na wani lokaci. Cocin ECWA kuwa, wadda ta fito daga aikin SIM a 1954, ita ta fi shiga ƙauyuka da harshen Hausa.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta Maguzawa, ita ce kuma ta fi shafar maganarmu, domin su ne ɓangarorin biyu suka yi rububi a kansu. Daga 1963 zuwa 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa, mutane da yawa suka karɓi kalmar shahada. A shekarun 1970 kuma wasu Maguzawan da dama suka shiga Kiristanci. Murray Last, wanda ya zauna cikin Maguzawan yankin Malumfashi, ya yi rubutu a 1979 yana nuna yadda sha'anin fatauci da neman abin kai da cuɗanya da mutanen gari ke da hannu a musuluntarsu. Da na tambayi abokina labarin kakansa, sai ya ce tsohon yakan faɗa da bakinsa: "Malamin gari ya ce in ban yi salla ba, wuta. Mai bishara ya ce in ban bi Yesu ba, wuta. Na duba ban ga inda zan tsaya ba a yi mini alkawarinta ba, sai na bi wanda ya wanke mini gyambo." Ƙanen wannan tsoho kuwa fataucin shanu yake yi, abokan tafiyarsa Musulmi suka riƙe shi da amana, ya musulunta, ya mutu yana ladanin unguwarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa imanin waɗannan mutane na ciki ne ko na aljihu. A'a. Abin da nake cewa shi ne, kowannensu ya fara yarda da mutum kafin ya yarda da gargaɗinsa. Da amana ta samu, sai maganar lahira ta sami kunnen shiga. Bayan haka kowanne ya ji tsoron wuta sosai, amma irin wutar da addininsa ya siffanta masa.

Abin da masana suka ce

Wannan gardama ba a kanmu aka fara ta ba. Wani masanin lissafi na Faransa, Blaise Pascal, wanda ya mutu a 1662, ya kawo hujjar da ta yi suna a Turai. Ya ce mutum ya ɗauki abin kamar caca: in ya yi imani ya tarar gaskiya ne, ya ci riba marar iyaka, in ya tarar ba kome, hasararsa kaɗan ce, in kuwa ya ƙi ya tarar gaskiya ne, ya yi hasarar da ba ta da magani. Tun kafin shi Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu musun tashin ƙiyama irin wannan lissafi. Wajen shekara ɗari bayan Pascal sai wani ɗan ƙasarsa, Diderot, ya ce ai limamin Musulmi ma yana iya kawo wannan hujja ɗin don nasa addinin. Abin da Diderot ya hango daga nesa, mu a ƙasar Hausa shi muke rayuwa a ciki.

Abokina ya taɓa kawo mini misali mai ƙarfi. Ya ce, "In kana tashar Gusau wani ya ce maka 'yan bindiga sun tare hanya, tsayawa za ka yi sai ya kawo maka shaida?" Na ce a'a, fasa tafiya zan yi in bincika, a nan kam yana da gaskiya. Girman haɗari dalili ne na mutum ya tsaya ya yi tunani, wanda kuwa ya ji zancen lahira ya yi ko oho bai yi wa kansa adalci ba. Amma a ce mutum biyu ne a tashar, ɗaya ya ce hanyar gabas aka tare, ɗaya ya ce ta yamma, tafiya kuma ta zama dole. A nan tsoro ba zai zaɓar maka hanya ba, ko da kowannensu zai ƙara wa labarinsa muni. Tilas ka koma ga wata tambaya: wane ne mai gaskiya a cikinsu, daga ina ya samo labarinsa? Wannan kuwa tambayar hujja ce, ba ta tsoro ba.

Akan kawo misalin Jonathan Edwards, wanda ya yi wata shahararriyar huɗuba a kan fushin Allah a garin Enfield na Amurka a 1741, har mutane suka riƙa kuka da kururuwa. Amma su wa ke zaune a gabansa? Mutanen da aka haifa cikin coci, waɗanda ba su taɓa shakkar Littafinsu ba. Aikin da ya yi shi ne irin wanda Jan Mari ke yi a zauren malam, farkar da mai barci a cikin gidansa.

Bugu da ƙari, addinan biyu da kansu ba su ɗauki tsoro a matsayin ƙololuwa ba. Taron malaman Katolika na Trent ya bambanta a 1551 tsakanin nadamar da tsoron azaba ke kawowa da wadda ƙaunar Allah ke kawowa, ya ce ta farkon tana da amfani, amma ba cikakkiya ba ce. A wasiƙar Yohanna ta fari an nuna cewa cikakkiyar ƙauna tana kore tsoro. A wajenmu kuwa Gazali ya kamanta tsoro da fata da fikafikai biyu, ya kuma kamanta tsoro da bulala, wadda in ta yi kaɗan ba ta kora, in ta yi yawa ta kai mutum ga yanke ƙauna. Labarin Rabi'atul Adawiyya sananne ne, wadda ta so a bauta wa Allah don Shi kansa, ba don gudun wuta ko kwaɗayin aljanna ba. Daɗin daɗawa, tsoro yana iya motsa harshe ya bar zuciya inda take. Wanda ya furta abin da bai gaskata ba don neman mafaka, sunansa munafuki, Alƙur'ani kuwa ya ajiye munafukai a can ƙarƙashin wuta. Ke nan wanda ya shiga addini don lissafin caca kaɗai, yana iya faɗawa cikin abin da yake gudu.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, tsoron wuta kamar sandar makiyayi yake. Tana tsare garken da ke hannunka kada ya faɗa gonar mutane, amma ba ta mayar da shanun wani su zama naka. Ya taso Gowans da Kent daga ƙasarsu, ya sa Nana Asma'u ta yi waƙa, ya hana ni satar gyaɗa a Furfuri. Amma bai karya malaman 'Yandoto ba, bai girgiza Maguzawan Kwatarkwashi ba, bai kuma buɗe wa Likita Miller zaurukan Zazzau ba. Saboda haka amsata ga tambayar da muka fara da ita ita ce, tsoron wuta dalili ne na a tsaya a bincika, ba hujja ba ce ta cewa Kiristanci ne gaskiya. Adalci kuma ya tilasta mini in ce, in na miƙa wa abokina tsoro tsagwaronsa, ni ma ban ba shi hujja ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Tun daga wajejen 2011 ƙasar Zamfara ta shiga bala'in 'yan bindiga, an kashe na kashewa, an sace na sacewa, an tashi ƙauyuka, Musulmi da Kirista ba wanda ya tsira. Masu wannan aiki, da masu kai musu labari, da masu cin riba da shi, ba wanda bai taɓa jin sunan Jahannama ba a cikinsu. Wannan ita ce ƙasar da Shehu ya yi wa wa'azi shekara biyar, ita ce kuma aka ƙaddamar da shari'a a babban birninta a watan Oktoba na 1999. In da ambaton wuta kaɗai yana gyara mutum, da mun fi kowa zaman lafiya. Ina ganin lokaci ya yi da za mu mayar da gargaɗin inda masu Tabbat Haƙiƙa suka nufa da shi, watau kanmu da shugabanninmu, maimakon mu riƙa jifan maƙwabci da shi ta kan katanga.

Ni da abokina har yanzu kwanonmu ɗaya. Bai fasa yi mini fargaba ba, ni ma ban fasa yi masa ba, na kuwa gane wannan fargaba wani nau'i ne na ƙauna. Sai dai mun yi yarjejeniya, duk ranar da za mu sake gardama, kowa ya zo da dalilin da ya sa ya gaskata, ba da girman azabar da ke jiran ɗan'uwansa ba. Ina fata 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu za su auna wannan ɗan nazari, inda na yi kuskure a gyara mini. Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.